Jirgin da Ya Hau Dutse da Ni da Yumma

Ko me zan manta a rayuwata, ban da ranar da na tsaya a kan wata gada a ƙasar Suwidin ina kallon kogi guda yana faɗowa daga kan duwatsu, sannan kafin rana ta yi sanyi na shiga jirgin ruwa ni da mahaifiyata, jirgin ya hau tudu da mu kamar mai hawa matakala. An kwana biyu da yin wannan tafiya, ita kanta mahaifiyar tawa ta riga mu gidan gaskiya, amma in na rufe ido har yanzu ina jin ƙarar ruwan nan a ƙirjina.

A Jidda aka haife ni, a unguwar Karantina. Iyayena Hausawan Sudan ne, mutanen Mai Wurno da ke bakin kogin Nilu, sun zo aikin hajji suka zauna. Mahaifiyarmu, wadda muke kira Yumma, ba ta da hirar da ta fi ta kogin garinsu. Bahar take ce masa. Mu kuwa da muka tashi a Jidda, ruwa iri biyu muka sani: tekun da ba a sha, da wanda motar wayit, wato tankar ruwa, ke kawowa a juye a tanki, a yi ta lallaɓa shi har wani ya zo. In Yumma ta ce a garinsu ruwan daɗi ne ke wucewa ta bayan gida dare da rana babu mai tsare shi, sai mu saurara kamar tatsuniya.

Sai kuma na san iri na uku, ranar babbar ambaliyar nan da duk ɗan Jidda yake tunawa, wadda ta zo a lokacin aikin hajji. A shagon gyaran mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, nake aiki a unguwar Sharafiyya. Da safiyar ranar aka tura ni da wani abokin aikina gabashin gari, shi ke tuƙi. Ana ruwan sama muna ta murna, har gilas muka sauke. Ba mu ankara ba sai muka ji wani ruri daga bayanmu, muka waiga muka ga ruwa ja, mai laka, ya cika titi yana turo motoci a gabansa. Kafin mu yi shawara ya kai ƙofa, kafin mu buɗe ya kai kujera. Ni na fita ta taga, wasu mutane a kan katanga suka miƙo mini igiya suka ja ni. Shi ya fita ta ɗaya ɓangaren, ruwan ya ɗauke shi ina kallo. Bayan kwanaki aka samu gawarsa. Allah ya jiƙansa.

Tun daga ranar ban koma daidai ba, ko da yake ban faɗa wa kowa ba. In hadari ya haɗu sai in ce wa maigidana ba ni da lafiya. Hanyar da ta bi ta ƙarƙashin gada na daina bi, ko da kewayen zai ci mini rabin yini. Ko famfon banɗaki aka bari yana zuba da ƙarfi, sai in yi sauri in rufe shi. Wanda maciji ya taɓa sara, in ya ga igiya ma gudu yake. Haka na yi shekaru, ina aure, ina haihuwa, ina dariya da mutane, abin yana nan a ciki.

Ina da ƙane guda namiji. Lokacin da kamfanin kafilinsa, wato uban gidan da ya tsaya masa, ya rufe, iƙamarsa ta izinin zama ta ƙare, ya bar Jidda ya yi ta faɗi-tashi har Allah ya zaunar da shi a Suwidin, ya samu aiki, ya yi aure. Yumma ta yi shekaru ba ta sa shi a ido ba sai ta waya. Da matarsa ta haihu, ya dage sai ta je ta ga jikanta. Ya aiko da takardun gayyata, muka yi ta zirga-zirgar neman biza, har aka dace. Tunda tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, ba ta kuma jin wani yare sai Hausa da Larabci, ni na ɗauki hutu na raka ta.

Lokacin zafinsu ne muka je, amma zafin nasu ya fi sanyin hunturunmu. Yumma ta ɗora wata ƙatuwar rigar sanyi a kan tobinta, lulluɓin nan na matan Sudan, ta ce in mutanen Karantina suka gan ta haka sai sun yi dariya har su faɗi. Abin da ya fara ɗaure mini kai shi ne kore. Ko'ina ka juya itatuwa ne, ciyawa har bakin kwalta, babu mai ba ta ruwa. Ga rana da ba ta son faɗuwa. Sai mu gaji da jiran magariba, Yumma tana ta tambayar ƙanena ko dai agogonsa ya lalace.

Bayan an yi suna an huta, wata Asabar ƙanena ya ce zai kai mu mu ga shallal, wato inda ruwan kogi ke zubowa daga kan dutse, a wani gari da har yau bakina bai iya faɗin sunansa daidai ba. Matarsa ta zauna gida da jariri, mu uku muka tafi. Da na ji ruwa ne gabana ya faɗi, amma na lallashi kaina cewa daga nesa za mu tsaya, in kalla da gefen ido, in ce ma sha Allah, a wuce wurin. Yumma kuwa tun asuba ta dafa shayi ta cika fulas.

Mun isa bayan azahar. Ƙanena ya ajiye mota, muka riƙe Yumma hagu da dama muka taka a hankali zuwa wata gada mai tsayi da ta haɗa tsaunuka biyu. Mutane sun cika ta, kowa ya jingina da ƙarfe yana leƙen ƙasa. Na daure na leƙa. Sai na ga babu komai. Wani ƙaton kwari ne mai zurfi, cike da baƙaƙen duwatsu manya-manya, wasu sun kai ɗaki, sai 'yan kududdufai nan da can, da wani siririn ruwa da bai fi na kwata ba. Can sama kuma wata doguwar katanga mai ƙofofin ƙarfe a rufe.

Wani sanyi ya ratsa ni, har na samu bakin tsokana. Na ce wa ƙanena yanzu don wannan ya taso da tsohuwa? Ai irin wannan busasshen kwari muna da shi a hanyar Makka, har da raƙuma a ciki. Yumma ma ta taɓe baki ta ce in wannan ne kogin Turawa, to su zo Mai Wurno su ga kogi. Shi dai murmushi yake yana duba agogo.

Ya ce, "Yaya, usbur shwayya. Ka ɗan yi haƙuri kawai."

Ashe so yake ya ba mu mamaki, shi ya sa bai yi mana bayani ba. Bai san abin da ke cikina ba, don lokacin ambaliyar abin da aka gaya masa kawai shi ne na tsira.

Can sai aka busa wata ƙara ta gargaɗi, mutane suka yi tsit. Ƙofofin ƙarfen nan na sama suka fara ɗagawa. Kafin in ga ruwan, ƙararsa na fara ji, kuma ita ce dai, ita ce ƙarar da na ji a bayan motarmu ranar nan. Sai ga shi ya ɓullo, fari fat, ya yi tsalle ya faɗo cikin kwarin. Yana zuwa yana haɗiye duwatsu ɗaya bayan ɗaya. Dutsen da na gama cewa ya kai ɗaki, kafin in ƙifta ido babu shi. Gadar ta fara rawa a ƙarƙashin ƙafata, iska mai sanyi ta bugo daga ƙasa ta watso mana raɓa a fuska.

Ban san lokacin da na durƙusa ba, na riƙe ƙarfen gadar da hannu biyu na runtse ido. Ba na Suwidin a lokacin, ina cikin mota a gabashin Jidda, ruwa ya kai kujera. Ina jin ƙanena yana girgiza kafaɗata yana tambayar ko jiri ne, ina jin yaran Turawa suna ihun murna, amma duk kamar daga wata duniya.

Abin da ya dawo da ni muryar Yumma ce. Ba da ni take ba. Tsaye take ita kaɗai, ta saki sandarta ta faɗi, ta kama ƙarfe, tana ta tasbihi da ƙarfi kamar wadda ke amsa wa ruwan. Ban taɓa jin ta ɗaga murya haka ba. Na ɗago kai don in ga ko lafiya, sai na ga fuskarta jiƙe, ban san ko raɓar ce ko hawaye ba, tana dariya. Daga fuskarta idona ya sauka ƙasa, ta tsakanin ƙarafan, na kalli ruwan.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Ruwan da na sani ja ne, ɗauke da tayoyi da katifu da gawar awaki. Wannan kuwa fari ne kamar audugar da aka shiɓe, inda ya yi zurfi kuma kore mai duhu kamar kwalba. Ya cika kwarin baki da baki, yana dukan dutse yana tashi sama ya zama hayaƙi, rana ta ratsa hayaƙin ta zana bakan gizo a ƙarƙashinmu, ba a samanmu ba. Na girma ina ganin ana faɗa a layin wayit a kan jarka guda, ga shi nan ruwan daɗi da zai shayar da unguwannin Karantina da Mahjar da Sharafiyya yana wucewa ta ƙarƙashin ƙafata a cikin numfashi ɗaya, wani na bin wani, ba ya ƙarewa. Na kasa kau da ido. A durƙushen nan na ji bakina yana cewa Allahu akbar, ba don na yi niyya ba. Tsoro da mamaki suka cakuɗe mini har na kasa raba su.

Bai daɗe ba aka sake sauke ƙofofin. Ƙarar ta yi ta raguwa, duwatsu suka fara fito da kawunansu suna ƙyalli, kwarin ya koma yadda muka same shi. Sai a lokacin ƙanena ya yi mana bayani. Ya ce kogin ba ƙafewa ya yi ba, juya shi aka yi ta cikin dutse zuwa gidan wutar lantarki, sai lokacin zafi ake sake shi ya bi tsohuwar hanyarsa na ɗan lokaci don mutane su ga yadda yake a da. Yumma ta ce ta janye maganarta, wannan ma bahar ne. Ni kuma na ce musu jiri ne ya ɗebe ni saboda tsayin gadar. Ƙanena ya yarda. Yumma ta kalle ni kawai ta karɓi sandarta.

Na ɗauka an gama, sai ƙanena ya ce saura rabi. Ya tambaye mu, tunda kogin nan hanya ce daga wani babban tafki zuwa teku, ta ina muke tsammani jiragen kaya ke bi su wuce wannan faɗuwa? Na ce ai sai dai a sauke kayan a ɗora a mota. Ya yi dariya ya ce mu shiga mota.

Ya kai mu wani wuri cikin itatuwa, ba nisa. A nan muka ga tsofaffin hanyoyin jirgi da mutanen da suka sassaƙa a jikin dutse. Ka ɗauka ɗakuna ne dogaye marasa rufi, ɗaya a saman ɗaya kamar matakala, kowanne da gurbin ƙofa gaba da baya. Ƙanena ya ce mafi tsufan ya haura shekara ɗari biyu, kuma da hannu aka yi shi, da guduma da kurfi da albarushi. Jirgi zai shiga ɗaki na ƙasa a rufe ƙofa, a sako ruwa daga na sama har ya cika, jirgin ya taso, a buɗe ƙofar gaba ya shiga na biyu, haka har ya kai bisa. Da jirage suka ƙara girma aka sassaƙa wata sabuwa a gefe, da suka sake girma aka kuma yin wata. Tsofaffin an daina bin su, gansakuka ta rufe bangonsu, ruwa na tsiyaya a ciki, amma ba a taɓa su ba.

Na sa hannu na shafa bangon, na ji sawun kurfin a tafina. Na tsaya ina tunanin mutumin da ya zo nan, ya kalli wancan ruwan da ya durƙusar da ni, maimakon ya gudu sai ya ce zai bi da jirgi ta gefensa, ya ɗauki guduma ya fara. Wataƙila ma bai rayu ya ga jirgin farko ya hau ba. A bakin wurin muka shimfiɗa darduma muka yi la'asar, muka sha shayin Yumma. Ta ce abin da ya fi burge ta shi ne da suka yi sabo ba su rushe tsohon ba, sun bar wa jikoki su gani. A lokacin maganar ta wuce ni. Sai shekarun baya da aka rushe Karantina, na je na tsaya a fili fetal ina neman inda ƙofar gidanmu take na rasa, sannan ta dawo mini.

Daga nan ƙanena ya zagaya da mu ƙasan tudun, inda hanyar da ake bi yanzu ta fara. Muka tarar da wani ƙaramin jirgin 'yan yawon buɗe ido yana lodin mutane zai hau. Yumma ta tsaya tana kallonsa kamar yarinya a gaban mai alewa. Sai ta ce za ta shiga.

Muka yi ta ba ta haƙuri. Ƙanena ya ce gwiwarta, ni na ce sanyi, na ce yamma ta yi. Ta ce mahaifinta masunci ne, a cikin kwalekwale ta yi wayo, kuma rabonta da taka jirgin ruwa tun wanda ya ƙetaro da ita daga Sudan zuwa Jidda tana amarya. Ta ce ba ta san ko za ta sake ganin ruwan daɗi mai ɗaukar jirgi ba kafin ta mutu. Wa zai ja da wannan? Ƙanena ya je ya tambayo, aka ce jirgin hawa kawai zai yi, a can sama zai sauke mutane, ba zai dawo nan ba. Ke nan dole wani ya kai mota sama ya tarye mu, kuma shi kaɗai ke da lasin tuƙin ƙasar, shi ya san hanya.

Ya ce, "Halas, shi ke nan, Yaya, kai ka shiga da ita. Mu haɗu a sama."

Tsohuwa mai sanda ba za ta shiga jirgi ita kaɗai cikin mutanen da ba ta jin yarensu ba. Na kama hannunta muka taka katakon shiga, ban san waye ke riƙe da wani ba tsakanin ni da ita.

Muka zauna a benci a waje. Jirgin ya matsa a hankali ya shiga ɗakin farko. Daga waje ban gane zurfinsa ba sai da muka shiga. Bango hagu, bango dama, baƙi, jiƙe, mai santsi, ya yi sama har sai ka karya wuya kafin ka ga kawunan masu leƙe. A gabanmu wata ƙatuwar ƙofar ƙarfe, ruwa na tsartuwa ta tsakiyarta, na kuma san abin da ke bayanta: kogi ne tsaye a saman kawunanmu. Sai na ji ƙofar baya ta rufe. Haske ya ragu, sanyi ya ƙaru. Sai ruwan ƙarƙashinmu ya fara tafasa, yana kumbura yana juyawa, jirgin ya girgiza igiyoyinsa suka yi ƙara.

Gumi ya keto mini a cikin wannan sanyi. Idona na kan bango ina neman inda zan kama. Sai na ji Yumma ta ɗora tafinta a kan gwiwata ta danna. Ba ta kalle ni ba, ruwan take kallo. A hankali ta fara ba ni wani labari da ban taɓa ji ba duk hirar baharin da ta sha yi mana. Ta ce tana da ƙane da suke uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ba ta taɓa ambata mana ba. Wata damina kogi ya cika, suna wanki a baki, gaɓar ta zabtare da shi. Ta ce tana riƙe da rigarsa da take wankewa, tana kallo ya tafi. Ta yi shekara ba ta zuwa bakin kogi, ko ɗiban ruwa sai dai a aiki wani. Mahaifinsu bai taɓa yi mata faɗa ba. Wata safiya kawai ya ce ta zo ta riƙe masa komar kamun kifi, ya sa ta a kwalekwale, ta yi ta kuka har tsakiyar ruwa.

Ta ce, "A nan ya ce da ni, ruwa ba shi da gaba da kowa. Bawan Allah ne kamar ke, inda aka aike shi nan yake zuwa."

Sai ta juyo ta dube ni.

"Ka ɗauka ban sani ba? Duk ranar da aka yi hadari ciwon kai ke kama ka. Ni na haife ka."

Na sunkuyar da kai na yi kukan da ban yi ba ranar da aka binne abokina, a gaban Turawa, babu kunya. Ita kuma ba ta ce in yi shiru ba. Ta bar ni har na gaji, sannan ta taɓa ni ta ce in ɗaga kai in duba bango.

Na duba. Wani zoben ƙarfe da na gani can sama lokacin da muka shigo, ga shi daidai kafaɗata, yana sauka. Ba shi ke sauka ba, mu ke hawa. Ruwan yana cika ɗakin kamar yadda ya cika motarmu, amma bai taɓa ko takalmina ba, ɗauke yake da mu gaba ɗaya, jirgi da mutane da tsohuwa da sandarta, ba tare da ya ji nauyi ba. Baƙin bangon ya yi ta nitsewa, haske ya yi ta ƙaruwa, sai ga takalman masu kallo, sai gwiwoyinsu, sai ga fuskokinsu daidai da namu suna ɗaga mana hannu. Ruwan ya lafa ya kwanta lumui. Ƙofar nan da na ji tsoron abin da ke bayanta ta buɗe a hankali, sai ga shi bayan nata da gabanta duk ɗaya ne, muka wuce.

A ɗaki na biyu zuciyata ta buga, amma idona a buɗe. A na gaba har na miƙa hannu na taɓa bangon yana wucewa ƙasa, sanyinsa ya shiga yatsuna. Yumma kuwa ta koma yarinya, tana nuna mini yadda ma'aikacin jirgin ke sassauta igiya, tana cewa haka babanta yake yi. Da muka fita ta ƙarshe na waiga baya, sai na ga inda muka taso can ƙasa, kogin ya zama siriri kamar zare, kawunan itatuwan da muka bi ta gindinsu suna ƙarƙashinmu. Muna cikin jirgin ruwa a kan tsauni. Babu injin da ya ɗaga mu, babu igiyar da ta ja mu. Ruwan da ya faɗo da ruri ɗazu, shi ne dai aka lallaɓa aka ba shi hanya ya kawo mu nan. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya halicci ruwan, ya kuma halicci kan da ya yi wannan tunani.

Ƙanena na tsaye a bakin gaɓa yana jiranmu. Ya ga idona ja, ya tambaya, Yumma ta ce iska ce, ta kuma ce ya kawo mata sauran shayin. A mota a hanyar komawa ni da kaina na ba shi labarin ranar ambaliya daga farko har ƙarshe, karo na farko da na faɗa wa wani mahaluki. Ya tsayar da mota a gefen titi ya yi ta ba ni haƙuri a kan mamakin da ya so ba mu. Na ce masa babu abin yafewa, da ya faɗa mini tun a gida da ban zo ba.

Ba zan yi muku ƙarya in ce na dawo Jidda na warke sarai ba. Har gobe in sama ta yi baƙi nakan kira gida in ji kowa yana ciki, kuma ba na wasa da gargaɗin ruwa. Amma na daina ƙaryar ciwon kai, na koma bin hanyoyin da na ƙaurace wa, in kuma aka ambaci abokina ina iya zama a yi hirarsa har a yi dariyar barkwancinsa. Yumma ba ta sake hawa jirgin ruwa ba har Allah ya karɓi abinsa. A ciwonta na ƙarshe, duk wanda ya zo dubiya sai ta ba shi labarin jirgin da ya hau dutse da ita, wasu su ɗauka ruɗin tsufa ne, sai in ce musu ina wurin.

Abin da ranar ta koya mini shi ne, mutum kan ɗauki mummunar safiya guda ya auna duk halittar Allah da ita, ya kulle kansa a ciki yana ganin ya tsira. Na yi shekaru ina tsammanin na san ruwa, ashe fuskarsa ɗaya na gani. Wanda duk wani abu ya taɓa firgita shi, ina ba shi shawara kada ya mutu bai koma ya sake duban abin nan ba, ko da a durƙushe ne. Kuma in Allah ya sa tsohuwarka na raye ta ce ka raka ta wani wuri, tashi ka bi ta. Sau da yawa kai kake ganin kana riƙe da hannunta, alhali ita ce ke ƙetarar da kai.